Tafiyar Baba a Hoto Takwas

Aikina zane ne, amma ba irin wanda ake ratayewa a bango ba. Mutane da dabbobin cikin wasannin waya nake zanawa, irin na ɗigo-ɗigon nan da muke kira fiksel. Za ka buɗe allo a kwamfuta a raba maka shi gida-gida, talatin da biyu a tsaye, talatin da biyu a kwance, kowane gida launi ɗaya tak yake ɗauka. A wannan ɗan filin za ka cusa mutum sukutum, da hularsa da takalminsa da halinsa. Ido ɗigo ɗaya ne. Ka sauke shi gida ɗaya, mutumin ya koma mai jin barci. Ka ɗaga shi, ya koma matsoraci.

Mu huɗu ne a wurin aikin, ɗaki biyu a saman wani shagon gyaran firji. Akwai Oga, wanda ya kafa wurin. Akwai Dogo, mai rubuta umarnin da ke sa wasa ya yi aiki, wanda gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Akwai Mai Sauti, kullum kunnensa a toshe, sai an jefe shi da murfin biro yake juyowa. Sai ni. A gida Auta ake ce min, a can kuwa Ɗigo.

Wasan da muke yi a lokacin na wata kaza ce da ta tsere daga ɗakin ajiyar kaya, wani tsohon mai gadi yana bin ta da tocila. Mai wasa shi ne kazar. Ita kazar a yini biyu na gama ta. Mai gadin ne ya tsaya min a wuya.

In mutum a tsaye yake, ba na shakkar kowa a zane. Motsi ne ya gagare ni. Tafiya hoto takwas ce: ka zana ƙafa ta taɓa ƙasa, ka zana jiki ya sauka a kanta, ka zana ɗayar ta wuce, haka har takwas, sai kwamfuta ta riƙa juya su da sauri, na ƙarshe ya miƙa wa na farko. Duk na san wannan, na kalli darussa har idona ya yi ja. Amma kowane mai gadi na zana, sai ya fito kamar an ɗaura masa taya a ƙafa.

A karo na uku Oga ya tsaya a bayana da kofin shayi, ya daɗe yana kallo.

"Ɗigo, wannan mutumin yana da ƙashi kuwa?"

"Yana da shi, Oga."

"To ina nauyinsa? Tsoho ne fa, ya kwana a tsaye, gwiwa na ciwo. Wannan kuwa kamar kwali iska na tura shi. Ki daina kallon allo, ki fita ki kalli mutane. In kuma motsin ya fi ƙarfinki ki faɗa min, in nemo wani ya yi, ke ki tsaya kan bishiyoyi da katanga. Ba laifi ba ne."

Bai faɗa da mugunta ba, shi ya sa maganar ta fi zafi. Da ita na koma gida.

Babanmu shekara talatin da ɗaya ya yi yana karanta mitar ruwa. Gida-gida yake bi a ƙafa, da littafi a hammata da ɗan ƙarfen buɗe murfi, kuma duk wanda ya san shi ya san saurinsa. Muna yara in zai raka mu makaranta, gudu muke yi a bayansa. Shekara ɗaya da rabi kafin abin da nake ba da labari, ya faɗi a bakin banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wata huɗu yana kwance, Mama na juya shi, tana wanke shi, tana ba shi abinci a baki. Da ya miƙe, mai gashin ƙashi ta ce kullum da safe ya taka zuwa ƙarshen layinmu ya dawo, kada ya fasa ko da rana ɗaya. Yayana ya sayo masa sanda, Baba ya rataye ta a bayan ƙofa, ya ce ta jira tsufansa.

Tagar ɗakina layin take kallo. Na sha ganinsa yana wannan tafiyar, amma kullum sai in kau da kai, don ba na son gani. Washegarin maganar Oga ban kau da kai ba. Kuma gaskiyar da har yau nake sunkuyar da kai in zan faɗa ita ce, ba Baba na gani ba ran nan. Motsi na gani.

Ƙafar dama ta taka da ƙarfi, jikin duka ya zube a kanta. Sai ɗan jinkiri, kamar yana roƙon ta hagun ta taso. Sai ƙugu ya ɗaga, ƙafar hagun ta zagayo ta gefe kamar mai zana rabin da'ira, bakin takalmin ya karci ƙasa. Hannun hagu a naɗe a ƙirji, ba ya lilo. Kafaɗar dama ce ke aikin mutum biyu.

Na zura waya ta tsakanin labule na ɗauke shi bidiyo. Na ce wa kaina koyo kawai zan yi, in gane yadda nauyi ke sauka, in goge. Washegari na sake, don hasken rana ya ɓata na farkon. A rana ta uku na fita ta ƙofar baya, na laɓe a bayan motar maƙwabcinmu, don ina bukatar ganinsa daga gefe.

A wurin aiki na sa bidiyon a ƙarƙashin allon zane, na rage haskensa har ya koma kamar inuwa, na tsayar da shi a wuri takwas, na bi shi ɗigo-ɗigo. Manhajar da muke aiki da ita tana nuna maka hoton baya dishi-dishi a ƙarƙashin wanda kake zanawa, don ka ga nisan da kowace gaɓa ta yi. Launi goma sha shida aka yarda min a wasan gaba ɗaya, mai gadin ya ci biyar. Na sa masa ƙaton gashin baki da jar riga da hular sanyi, abubuwan da Baba bai taɓa sawa ba, na ce ai ba mai ganewa. A hoto na biyu na sauke kafaɗa ɗigo ɗaya. Hannun hagu ɗigo uku ne, na manna su a ƙirji, ban motsa su ba a duka takwas ɗin. A na shida na sa ɗigo biyu masu launin ƙasa a gaban takalmi, ƙurar da yake karta. Amma sirrin yana hoto na huɗu. Sauran kowanne ƙiftawar ido yake yi ya wuce, shi kuwa na riƙe shi ninki uku. Jinkirin nan ne, lokacin da yake jiran ƙafarsa.

Da na kunna, tsigar jikina ta tashi. Na rufe bidiyon da sauri, na waiga ko wani ya gani.

Dogo ne ya fara leƙowa. Ya yi dariya har ya buge gwiwa da tebur, ya jefi Mai Sauti da murfin biro, ya ƙwala wa Oga kira. Su uku suka tsaya a bayana, mai gadin yana ta zagaye a allo.

"Yawwa!" in ji Oga. "Ga ƙashi! A ina kika samo shi?"

"Wani na gani a tashar mota."

Ƙaryar ba ta ko yi min nauyi a baki ba. Daɗi nake ji. Tunda na fara aiki a wurin ba a taɓa taruwa a bayana haka ba, kuma ran nan Oga ya kira ni gwana a gaban kowa.

Mai Sauti ya ɗora masa ƙara: ɗas idan ta dama ta taka, ƙiii idan ta hagu ta karci ƙasa. Dogo ya ce in kaza ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ya kamata ya faɗi, nan ne daɗin wasan. Na zana faɗuwar a hoto shida, ban nemi wani bidiyo ba. Na san yadda take. Ina wurin ranar da Baba ya sake zamewa a tsakar gida: hannun dama ne ke fita ya tare ƙasa, na hagun yana nan a ƙirji kamar ba ruwansa.

Wasan ya fita. Ba mu taɓa yin abin da ya karɓu kamarsa ba. Ba wanda ya damu da kazar, mai gadin kowa ke so. Cikin mako uku aka fara ɗaukar bidiyo ana kwaikwayon tafiyarsa, 'yan makaranta, masu aski, har wasu ma'aikatan banki a jere da kwat ɗinsu. Da baki suke yin ƙarar: ɗas, ƙiii, ɗas, ƙiii. Dogo yana tara bidiyoyin yana nuna mana a lokacin cin abinci. Ina dariya tare da su. A gida kuwa ban taɓa ambatar sunan wasan ba. In Mama ta ce yaya aiki, sai in ce lafiya, in shige ɗaki.

Wata safiya muna karyawa, Baba ya dawo tun bai kai ƙarshen layi ba. Ya zauna a kujerarsa ya daɗe yana kwance igiyar takalmi da hannu ɗaya.

Mama ta ce, "Yau da wuri haka?"

"Yara ne a bakin shagon da ke kan kwana. Su uku suka biyo ni a jere suna yin irin tafiyata. Har da waƙa."

Mama ta dire butar shayi. "'Ya'yan waye? Wallahi yanzu zan je gidajensu."

"Zauna. Yara ne, ba su san ciwo ba." Ya zare takalmin. "Abin da ya ɗaure min kai, sun iya. Har hannun."

Burodi ne a bakina. Na ci gaba da taunawa. Nan ne wurin da ya kamata in yi magana, kuma na san haka a lokacin, ba daga baya ba. Na kalli agogo na ce na makara, na ɗauki jaka.

Daga ranar Baba ya koma fita tun gari bai gama wayewa ba. Bayan mako ɗaya ya daina fita gaba ɗaya, ya ce tsakar gida ma fili ne. Taku goma sha biyu ne daga ƙofar falo zuwa tankin ruwa. Mai gashin ƙashi ta yi faɗa, ta ce ƙafar ta fara sandarewa. Ina jin duk wannan ta bango.

Wajen mako uku bayan haka, ranar Asabar bayan azahar, Yaya ya zo da matarsa. Yaya mutum ne mai son a ji daɗi, kuma tun ina ƙarama shi ke saya min fensir mai launi. Tun daga ƙofa yake ɗaga waya.

"Ashe Auta shahararriya ce ba ta faɗa mana ba! A ofishinmu kowa wasan nan yake yi. Jiya na duba sunayen waɗanda suka yi shi, sai ga ƙanwata. Baba, ka ga aikin 'yarka kuwa?"

Na ce, "Yaya, abin yara ne, bar shi."

"Wane irin bar shi?"

"Talabijin ɗin ba ya haɗuwa da waya."

"Ni na saye shi, na san abin da yake yi."

Ya haɗa. A waya mai gadin bai fi farcen yatsa ba. A talabijin ɗin falo kuwa kowane ɗigo ya kai ƙwayar suga mai kusurwa, ina iya ƙirga su daga inda nake tsaye. Kaza ta fito da gudu, matar Yaya ta yi dariya, Mama ma ta murmusa. Sai tocila ta hasko daga gefen allo, ga shi nan. Ɗas, ƙiii. Ɗas, ƙiii.

Murmushin Mama ne ya fara ɗaukewa. Matar Yaya ta kalle ta, ta kalli allon, ta sa hannu a baki. Yaya kansa na kan waya, yana ƙoƙarin kutsa kazar ta tsakanin ƙafafun mai gadin, yana cewa, "Ku tsaya ku ga yadda yake faɗuwa." Ya kuwa yi nasara. Hannun dama ya fita ya tare ƙasa. Yaya ya ɗago yana dariya shi kaɗai, ya bi fuskokinmu da kallo, dariyar ta mutu a bakinsa.

Baba ya ce, "Sake kunnawa."

"Baba..."

"Ka sake."

Ya sake. Baba ya gyara tabarau ya kalla har mai gadin ya ƙetare allon sau biyu. Bai kalle ni ba. Ya dafa hannun kujera ya miƙe zai tafi ɗakinsa, kuma hanyar ɗakin ta gaban talabijin ɗin take. Ba wanda hankalinsa ya kai ya kashe. Haka muka zauna muna kallonsu su biyu, shi a gaba, ɗayan a bayansa a allo, ƙafa na sauka tare, suna jira tare. Ban yi kuskuren ko ɗigo ɗaya ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da ƙofarsa ta rufe, Yaya ya zare wayar ya ce, "Auta, me kika yi haka?" Matarsa ta tattara kofuna ta yi kamar tana da aiki. Ba su jima ba suka tafi.

A kicin Mama ta same ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wata huɗu ina wanke mutumin nan. Ko ƙanwata da muka fito ciki ɗaya ban taɓa gaya mata yadda jikinsa ya koma ba. In baƙi sun zo sai na zaunar da shi na gyara masa hannun riga kafin su shigo. Ke kuma kin kai shi kasuwa." Ta buɗe famfo ta rufe ba ta tari komai ba. "Ranar da ya dawo yana maganar yaran nan, kina zaune. Kin sani?"

"Na sani, Mama."

"To fita min daga kicin."

Ranar Litinin na tsaya a tsakiyar ɗakin aiki na ce ina da magana. Har Mai Sauti ya cire abin kunnensa ba a jefe shi ba. Na faɗa musu ba wani mutum a tashar mota, mahaifina ne, kuma bai san na ɗauke shi ba. Na faɗi yaran layinmu, na faɗi ranar Asabar. Dogo ya sunkuyar da kai. Shi ya fi kowa iya kwaikwayon tafiyar, da ita yake zuwa ɗauko ruwa kullum, ina kallonsa.

Oga ya shafa kai. "Ɗigo, kin san tafiyar nan ita ce wasan."

"Na sani."

"In muka cire ta mutane za su zage mu. Kuma bidiyoyin da ke yawo ba mu da iko da su, sun riga sun fita."

"Na sani, Oga. Ina roƙo ne kawai. In ba zai yiwu ba, a cire sunana, ni kuma in tafi."

"Barin aikinki ba zai gyara wa dattijon komai ba." Sai ya ƙara da cewa, "Ni na ce ki fita ki kalli mutane. Ban ce ki tambaye su ba, ban ma yi tunanin haka ba. Ki ba ni zuwa Laraba."

Ranar Laraba ya ce a canza. Na zana sabon mai gadi, ƙato mai tumbi, sanye da takalmin da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Dogo ne ya ari takalmin aikin mai gyaran firji na ƙasa, ya cusa matashin kai a riga, ya yi ta safa da marwa a baranda ina ɗaukarsa, da yardarsa. Tafiyar ta yi kyau daidai gwargwado. Ba ta kai ta farkon ba, kowa a ɗakin ya sani, ba wanda ya faɗa. Da sabon ya fita aka yi mana ca, wasu suka goge wasan, wani ya rubuta cewa duk wanda ya zana sabon mai gadin bai san aikinsa ba. Na karanta duka, ɗaya bayan ɗaya.

A gida kwana tara Mama ba ta ce min komai ba banda amsa gaisuwa. Baba yana amsawa kamar kullum, "Lafiya lau, Auta," idonsa a kan rediyo. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarsa ina juyawa. A rana ta goma shi ya kira ni.

"Ɗauko kwamfutarki."

Na ɗauko na durƙusa a gefen gadonsa. Na fara, "Baba, don Allah ka yafe..."

"Tsaya tukuna. Nuna min yadda ake yi. Ba wasan ba, aikin."

Na buɗe tsohon zanen, hotuna takwas a jere. Ya sa tabarau ya matso, irin yadda yake duba mita. Na nuna masa gidajen, da launukan, da yadda inuwar hoton baya ke fitowa. Ya yi ta tambaya kamar mai son koyo. Me ya sa ba a ƙara gidajen? Me ya sa kunne ba shi da nasa launin? Sai ya ɗora yatsa a kan na biyar.

"Haka nake ɗaga ƙugu?"

"Eh, Baba."

"Matar nan mai gashin ƙashi ta sha faɗa min, ina ce mata ba na yi." Ya matsar da yatsan baya, kan na huɗu. "Wannan fa, me ya sa ya fi daɗewa?"

Na ce, "Nan ne kake jiran ƙafar."

Ya gyaɗa kai a hankali. "A ina kika tsaya kika ɗauka?"

"A taga. Sau biyu. Sau ɗaya a bayan motar maƙwabci."

"A laɓe."

"Eh."

Ya cire tabarau ya ajiye a cinya. "Kin iya aikinki, Auta. Ban taɓa ganin kaina daga baya ba sai a hannunki. Dariyar mutane ba ta dame ni kamar yadda uwarki take zato ba. Na shiga gidajen mutane shekara talatin, an saka min kare, an watsa min ruwan wanki. Abin da na kwana da shi daban ne. Shekara guda ina fita layin nan ni kaɗai. Uwarki ƙafarta ba ta bari, yayanki yana nesa. Kullum in na wuce tagarki sai in ce yarinya ce mai aiki, barci take. Ashe idonki biyu. Kin san inda kafaɗata ke sauka, kin san inda nake jira. Kin ƙare min kallo tsaf, amma ko sau ɗaya ba ki sa takalmi kin ce Baba mu je ba."

Kukan da nake riƙewa ya ƙwace. Ya bar ni na yi, bai rarrashe ni ba, bai kuma kore ni ba. Da na sassauta na ce masa an cire tafiyar daga wasan, na goge bidiyoyin uku, wannan zanen ma yanzu zan goge shi a gabansa.

"Goge. Amma yaran layi ba kwamfuta ba ne."

Na goge. Ya ce in ja masa ƙofa.

Ban san ko an yafe min ba, kuma ban ga fuskar sake tambaya ba. Washegari da safe na sa takalmi na zauna a dakalin ƙofar gida. Na kusa rabin awa a wurin, har na fara tunanin ba zai fito ba. Sai ga shi. Ya kalle ni, ya kalli takalmina, ya ce, "Ki bi ta hagu. In zan faɗi, can nake tafiya."

Ƙafar ta sandare ƙwarai, mako biyar ba wasa ba ne. Tafiyar da a da yake yi a minti goma sai da ta ci ashirin. Ban san inda zan sa idona ba. In na kalle shi, hotunan nake gani da lambobinsu. In na kalli gaba, ina tsoron ya faɗi ban lura ba. A ƙarshe na tsayar da ido a kan gwiwar hannunsa.

A bakin shagon kwana akwai yara mata biyu da kayan makaranta suna jiran a buɗe. Ƙaramar ta hango mu, ta zunguri babbar, ta naɗe hannu a ƙirji ta yi taku biyu. Ɗas, ƙiii. Na saki gefen Baba na nufe su, ban ma san me zan ce ba. Da na isa sai na ji bakina yana cewa, "Babana ne. Ciwo ya yi. Ni na zana abin da kuke kwaikwayo, kuma ban kyauta ba."

Suka tsaya suna kallona kamar na yi wani yare. Babbar ta ce, "Ke kika zana mai gadi? Na da ko na yanzu?"

"Duka biyun."

"Na da ya fi."

Baba da ya iso bayana ya ji. Ya saki wata gajeriyar dariya ta hanci, ya ce musu su gaida iyayensu, ya ci gaba. Muka kai ƙarshen layi, ya dafa turken wutar lantarki ya huta, muka juyo.

Yaran layin sun ɗauki kusan wata biyu kafin su samu wani abin yi. A wurin aiki ni da kaina na roƙi Oga ya mayar da ni kan bishiyoyi da katanga na ɗan lokaci, ya ce babu wannan maganar, akwai doki da za a yi wa gudu a wasa na gaba, kuma nawa ne. Yaya ya kira ni ya yi min faɗa na awa guda, sannan ya tambaya ko ina bukatar sabon alƙalamin zane.

A waccan safiyar ta farko kuwa, da muka dawo daga layin, Mama na tsaye a ƙofar kicin. Ta kalli Baba yana haki, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ta kalle ni.

"Kika bar shi ya je har ƙarshe a ranar farko? Ba ki da hankali ne?" Ta miƙo min tawul. "Goge masa wuya, ki zo ki yanka min albasa."